Tawada a Farcen Auta

Shekara huɗu ina mai shelar rigakafi a garinmu, kuma ba yabon kai ba, har yau ba a yi wanda ya kai ni ba. Garin ƙarami ne, tsakanin Ƙarfi da Malumfashi, in ka tsaya a ƙofar masallaci ka ɗaga murya sai matan da ke wanki a rafi sun ji ka. Duk da haka aka ba ni lasifika, ni kuwa na riƙe ta kamar da ita aka haife ni. In masu allura za su zo, tun da sauran kwana biyu nake bin unguwa-unguwa ina cewa a fito da yara. Na san gidan da za a ce mini yara sun tafi kiwo alhali ga takalmansu a bakin ƙofa. Na san maigidan da sai an yi masa magana cikin mutane, da wanda sai an ja shi gefe. Duk yaron da aka yi wa allura ko aka ɗiga masa magani, akan shafa masa tawada a farcen ƙaramin yatsansa na hagu da wani alƙalami mai kauri, don masu bin sawu su gane an yi masa. In aiki ya yi wa matan yawa ni nake riƙe alƙalamin. 'Ya'yana biyu na farko da kaina na kai su, na danne su a cinyata suna ihu.

Na fara da wannan ne don kada wani ya nema mini uzuri. Ban taɓa yarda cewa allura tana hana haihuwa ba, masu faɗin haka ma ni nake zama da su ina warware musu. Na san amfaninta sarai, na ga yaran da ta tsare.

Abin da ban cika faɗa wa mutane ba shi ne yadda lasifikar ta zo hannuna. Kansilan mazaɓarmu na lokacin ɗan jam'iyyarmu ne, ni kuma ni ne wakilin jam'iyya a akwatin zaɓe na ƙofar makaranta. A wurinmu irin wannan ɗan aiki wanda ya ci zaɓe shi ke ba da sunayen masu yin sa. Da aka sake zaɓe muka sha ƙasa, ko wata biyu ba a yi ba aka aiko in mayar da lasifika da rigar aiki. Aka ba wani ɗan uwana na nesa, mai facin taya, wanda muryarsa ko kaji ba ta kora. Ranar da na fara jin sa yana shela, yana cin kalmomi yana tari, sai da na bar tuwona a kwano. Alƙalami ɗaya ya rage a aljihun tsohuwar rigata, na jefa shi cikin gwangwanin da nake ajiye fulogin injin ban ruwa, na manta da shi.

Daminar da ta biyo baya aka kawo taki mai rahusa, aka karanta sunaye a ƙofar mai unguwa. Babu ko mutum ɗaya daga ɓangarenmu. Ina kallo masarata ta yi rawaya tun ba ta kai ƙugu ba, ta maƙwabcina kuwa, da kunya ɗaya ta raba mu, ta yi baƙi ƙirin don kyau. Wannan abin ya ci mini rai fiye da lasifikar, don shi a cikin rumbu na gan shi.

Muna da majalisa a gindin wata ceɗiya kusa da mai shayi, inda 'yan jam'iyyarmu ke zama bayan la'asar. Babbanmu a wurin shi ne ciyaman ɗinmu na mazaɓa, dattijo ne da ya shiga siyasa tun ba a haife ni ba, har ɗauri ya sha a ƙuruciyarsa saboda faɗa da masu mulki. Mutum ne da ba ya ci da haƙƙin kowa, kuma in yana magana sai ka ji kamar abin da ke cikinka ne yake fitarwa. Da labari ya zo cewa za a yi gangamin allurar ƙyanda bayan an gama kaka, sai ya ajiye kofinsa ya dube mu.

"Ku duba nan," ya ce. "Matarka ta kwana tana naƙuda, ba mai zuwa. Ɗanka na zazzaɓi, sai ka kai akuya kasuwa. An raba taki an tsallake ƙofarka. To mi ya sa rana ɗaya gwamnati za ta ciko mota da mutane ta zo har garinku tana roƙonku? Abu biyu kaɗai take nema wurin talaka, ƙuri'arsa da hannun ɗansa. Ƙuri'a mun ba da, mun ga yadda aka yi da ita. Saura hannun. In suka koma da takardunsu da giɓi, na sama zai tambaye su dalili, ran nan za a san da mutane a garin nan."

Maganar ta shige ni, ba zan yi ƙarya ba. Har yanzu ma rabinta gaskiya ce, shi ya sa take da haɗari. Wani ya ce amma ai wanda ya hana a yi wa ɗansa, mai unguwa zai kai shi gaban dagaci, kuma masu bin sawu gida-gida suke shiga suna duba yatsun yara. Ni da bakina, ba wanda ya tambaye ni, na ce wannan ba matsala ba ce, ina da alƙalami. Yadda suka juyo suka dube ni ya yi mini daɗi. Wata da watanni ke nan ba wanda ya buƙace ni a kan komai.

A lokacin ƙaramar 'yata, da muke ce wa Auta, ta kusa shekara biyu. Ba ta samu allurar ƙyanda ta wata tara ba, don lokacin da ta isa ya zo daidai da watannin da 'yan bindiga suka hana kowa sakat, hanya ta zama abin tsoro, mata suka daina fita da yara. Uwarta ta riƙe abin a rai, kullum sai ta ambace shi. Sai ga shi ƙanwarta ta haihu a Danja, aka ce ta je ta zauna mata har suna. Ta ga dama ce ta yaye Auta, ta bar ta wurin tsohuwata a nan cikin gida don ta manta da nono. Da za ta hau babur ta dawo da baya ta same ni a zaure.

"Malam, na ji an ce masu allurar ƙyanda na nan tafe. Don Allah a kai yarinyar nan. Ita kaɗai ta rage mini."

Na ce, "Ni za ki koya wa aikina?" Ta yi dariya ta tafi hankalinta kwance, don in akwai mutum ɗaya a garin da ba sai an tuna masa allura ba, ai ni ne.

Ranar gangamin aka kafa tebur a ƙofar mai unguwa. Da na fita na tarar matan Maguzawan da ke ƙetaren rafi har sun yi layi tun da sanyin safiya. Cikin masu rakiya akwai wani tsoho abokin mahaifina, wanda na san a akwatinsu mu suka yi wa ruwan ƙuri'a, kuma su ma ba su ga ƙwayar taki ba. Na ja shi gefe na ce, "Baba, ashe ba ku ji abin da aka yanke a majalisa ba?" Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Na ji. Ƙuri'ata na ba ku, ban ba ku jikana ba." Na yi 'yar dariya na ce a raina tsufa ne.

Mutanenmu kuwa kowa ya ce wa iyalinsa zai kai yara allura, sai ya zagayo ta bayan gari ya shigo zaurena. Gida shida ne har da nawa. Na zauna a kan buhun dawa ina kama 'yan yatsu ina shafa tawada, da kyau, har gefen fata, yadda aka koya mini. Maƙwabcina na jikin katanga, abokina tun na ƙuruciya, ya kawo ɗansa mai shekara uku. Da na gama sai ya mintsini yaron a dantse har ya fashe da kuka, ya ce don kada uwar ta ga ya dawo da busasshen ido ta yi zargi. Aka yi ta dariya. Auta ce ta ƙarshe. Ban iya mintsininta ba. Da alƙalamin ya taɓa farcenta sai ta ƙyalƙyale da dariya, ta miƙo mini ɗaya hannun wai shi ma a yi masa. Na saya mata biskit na mayar da ita wurin tsohuwata, na ce an yi.

In na tuna yanzu sai wautar abin ta ba ni haushi. Mun yi bore, kuma mun ɓoye shi har wanda muka yi dominsa bai san an yi ba. Masu bin sawu suka zo washegari suka duba yatsu, suka yi wa bangonmu alama da alli, ɗan uwan nan nawa mai faci har ya ce mini ya gode da haɗin kai. Ba wanda ya zo daga sama ya tambayi dalilin komai.

Da uwar Auta ta dawo daga Danja, tun ba ta sauke jaka ba ta kamo hannun yarinyar ta duba. Ta ce alhamdu lillahi, ta ce ina katin. Na ce kati ya ƙare musu kafin a zo kanmu. Ta ce ta yi kuka? Na ce kaɗan. Ta ce ba ta yi zazzaɓi ba? Na ce ai jikinta mai ƙarfi ne. Ƙarya uku a tsaye, ko ruwa ba ta sha ba. Na ce a raina ba komai, in wani zagaye ya zo zan kai ta a yi mata shiru, ba wanda zai sani.

Mako uku bayan gangamin, zafi ya fara shigowa, na dawo daga lambu da azahar da kwandon tumatir a bayan babur. Na tarar da gida ba kowa sai tsohuwata tana tsintar wake. Na ce ina mutanen gidan? Ta sassauta murya ta ce sun shiga maƙwabta dubiya, baƙon dauro ya sauka wa yaron gidan. Tsofaffinmu ba sa kiran ƙyanda da sunanta. Na ce har da Auta? Ta ce tana bayan uwarta, ina za a bar ta.

Yaron da aka mintsina a zaurena ne. Na tsaya a tsakar gida ina jin muryoyin mata ta saman katanga, da tarin yaron, busasshe, ba ya tsayawa. Na so in ƙwala kira in ce ta fito da yarinyar nan yanzu, amma da wane dalili? Sun fi awa ɗaya a ɗakin. Da ta dawo na ce, cikin faɗa, me ya sa za ta shiga da goyo ɗakin mai ƙyanda.

"Haba Malam, ai an yi mata allura," ta ce. "Mako uku ke nan, ta kama jiki. Kai ka sha gaya mana haka a lasifika. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yaron nan, shi ma an yi masa, ga tawada nan a hannunsa, amma ka ga yadda ta rufe shi? Uwar sai kuka take, ta ce ashe allurar banza ce."

Na ɗauki buta na zagaya, na tsuguna ban yi komai ba, ina kallon ƙasa.

Da la'asar na tafi majalisa na ja ciyaman gefe na gaya masa. Na ce ko dai mu faɗa wa matan gaskiya, a kwashi yaran a kai asibiti. Na ga shi ma abin ya taɓa shi. Daga baya ya ce ciwo da lafiya na Allah ne, kuma in maganar nan ta fita, ni za a fara kamawa tunda ni na riƙe alƙalami, sannan ɗaya ɓangaren za su yi ta yi mana gori har jikokinmu. Ya ce mu ɗan jira mu gani. Muna cikin haka na ji wani daga cikinmu, wanda shi ma ya kawo 'ya'yansa zaurena, yana gaya wa mai shayi da masu wucewa cewa ga irin ta nan, an yi wa yaro allurar gwamnati kuma ga shi kwance. Yana faɗa yana kaɗa kai, kamar ya manta inda aka shafa tawadar. Wallahi ran nan na ji tsoron mutanena.

Na san wani abu daga shekarun da na yi ina bin ma'aikatan lafiya. In yaro ya shiga inda mai ƙyanda yake, aka yi masa allura cikin kwana uku, sau da yawa yakan tsira ko ta zo masa da sauƙi. Kwana na farko ya wuce ina cewa gobe. Na biyu na tafi lambu na kunna inji, ruwa ya cika komin shukata ya ɓalle ya shiga na maƙwabci ina tsaye ban gani ba. Ran na uku da safe na ce wa uwarta zan je da Auta in gwada mata takalmi. Ta yi mamaki, don ban taɓa yi wa yayyenta haka ba, amma ta yi mata wanka ta shafa mata hoda. Na ɗora ta a gaban babur na nufi ƙaramin asibitin da ke kusa da mu.

Ranar allura ce, mata sun cika baranda. Na bi layi ni kaɗai namiji, har na kai gaban malamar da ke aikin, wadda ta san ni tun ina shela. Muka gaisa. Na ce allurar ƙyanda na kawo a yi wa yarinya. Ta kamo hannun Auta na hagu, kamar yadda kowane ma'aikaci yake yi ba tare da tunani ba. Tawadar ta koɗe, ta matsa zuwa tsakiyar farce, amma tana nan.

"A'a, Malam, ai an yi mata a gangami. Ba a maimaitawa da wuri haka, kai ma ka sani. Ka kwantar da hankalinka, in sha Allahu ba abin da zai same ta."

Kalma kaɗan ce tsakanina da allurar, ina ganin akwatin sanyin a gefen ƙafarta. Na buɗe baki, sai na ji an ce, "A'a, yaya, kai ne yau a layi?" Mai faci ne, sanye da rigar da aka karɓe daga hannuna, ya zo kawo wasu takardu. Ya tsaya a kaina yana murmushi, matan baranda duk sun zuba mana ido, da yawa daga garinmu suke. Na ce, "To Malama, na gode, dama don in tabbatar ne." Na ɗauki 'yata na fita. A hanya na tsaya na saya mata takalmin roba ja, don kada in koma hannu rabbana. Wannan ita ce ranar da ba na iya yafe wa kaina, ta fi ranar alƙalamin ma, don ranar alƙalami ina da fushi, wannan kuwa kunyar mai faci kawai na ji.

Daga nan sai ƙirgen kwana. Na san takan ɗauki kwana goma ko fiye kafin ta bayyana. Da asuba in na dawo masallaci sai in shiga ɗakin in ɗora bayan hannuna a goshinta. In ta yi atishawa sai in ajiye cokali. Na riƙa jan ta zuwa haske ina leƙa bakinta da bayan kunnenta, har ta fara gudu in ta gan ni. Ni kuwa abinci ya daina shiga bakina. Uwarta ta ce ko maganar tumatir ce da ya faɗi a kasuwa, na ce ita ce. Ita kuwa Auta tana ta yawo da jan takalminta a tsakar gida, tana bin 'yan tsaki, lafiyarta ƙalau, kuma lafiyar tata ma tsoro take ba ni.

Kwana na takwas yaron maƙwabcina ya rasu, tarin ya sauka masa a ƙirji. Ni na shiga ramin na karɓe shi, bai fi nauyin ƙunshin kaya ba. Ubansa bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Da muka dawo daga maƙabarta na wuce masu zaman makoki na shiga gida. Uwar Auta tana bakin murhu, idonta ya kumbura don kukan da ta sha a maƙwabta. Na tsaya a kanta na gaya mata duka, da zauren, da alƙalamin, da takalmin.

Na zaci za ta yi ihu ko ta zage ni, da ma hakan ta yi. Ta dai ajiye muciya ta dube ni, ta ce, "Gida nawa?" Na ce shida. Ta ce in lissafo mata su. Na lissafo. Ta ɗauki mayafi ta goya Auta, ba ta nemi iznina ba, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan. Gida-gida ta bi. Kafin la'asar matan gidajen nan sun fito da yaransu sun tsaya bakin titi suna tare babura, mazan suna zaune a wurin makoki suna kallo, ba wanda ya iya tashi ya hana su. Uwar Auta ce ta tsaya a gaban malamar asibiti ta faɗi abin da na kasa faɗa. Aka yi wa yaran allura a ranar. Malamar ta ce mata game da Auta kam an makara, sai dai a sa ido, da ta ga zazzaɓi kada ta kwana da ita a gida.

Kwana na sha ɗaya zazzaɓin ya zo. Idanunta suka yi ja suna ruwa, ga mura, ga tari irin wanda na ji ta saman katanga. Muka kai ta asibiti a Malumfashi tun ƙurajen ba su fito ba, da suka fito kuwa sai suka rufe ta daga bayan kunne har tafin ƙafa. Kwana tara muka yi. Uwarta na ciki, ni ina gindin wata darbejiya a waje, in an rubuta magani in ruga in sayo. Idanun yarinyar suka manne da kwantsa, ba ta buɗe su sai an goge da ruwan ɗumi, in haske ya taɓa su ta yi ta ƙara. Duk lokacin da na ga ma'aikaciya ta fito da sauri sai in miƙe tsaye. A kwanakin nan uwarta ba ta ce mini komai ba sai sunan abin da za a sayo. Rana ɗaya na shiga na tarar tana yanke wa Auta farce da reza, a hankali, har ta cire ɗan guntun da ke da sauran tawadar ta yar a ƙasa.

Auta ta tashi, Allah Ya bar mana ita. Amma idonta na hagu ya fito da hakiya, wani ɗan fari a tsakiyar baƙin, kuma likita ya ce da wuya ya koma daidai. Yanzu in za ta dube ka sai ta ɗan karkata kai.

Ba a kama ni ba. Mai unguwa ya kira ni ya yi mini faɗa a gaban dattawa, ya karɓe alƙalamin, shi ke nan. Majalisa ta yi fushi da ni wai na tona asiri, maƙwabcina kuma ya daina bi ta ƙofata, yakan zagaya ta bayan gari. Ciyaman ya zo dubiya sau ɗaya, ya zauna a zaure ya kasa haɗa ido da yarinyar, ya tashi bai sha ruwan da aka kawo masa ba. Ban bar jam'iyyar ba, don har gobe ina ganin an zalunce mu a kan takin nan. Uwar Auta kuma ba ta bar gidana ba, muna nan, ta ƙara haihuwa ma. Sai dai tun daga ran nan ko ɗigon magani za a yi wa yaro da ƙafarta take kai shi, ta tsaya a kai har a gama, ta karɓi kati ta ɗaure a bakin zane. Ba ta taɓa cewa in raka ta ba.

Da zaɓe ya sake zagayowa Auta ta shiga aji ɗaya. Na je na kaɗa ƙuri'ata a akwatin ƙofar makaranta, aka shafa mini tawada a farcen babban yatsa kamar kowa. Na dawo gida da rana na zauna a tabarma ina jiran abinci. Auta ta zo ta jingina da ni, ta kamo hannuna tana wasa da shi, sai ta ga baƙin. Ta karkata kai ta kawo yatsan kusa da idonta mai gani.

"Baba, kai ma an yi maka allura?"

Uwarta tana bakin murhu tana kwashe tuwo, ba ta ko juyo ba.

"A'a," ta ce. "Tawada ce kawai."